Wa Ya Ba Da Labarin Karmen? Sharhi a Kan Littafin Carmen na Prosper Mérimée

Manufar wannan ɗan sharhi ita ce a duba wani gajeren ƙagaggen labari na Faransanci mai suna Carmen, wanda Prosper Mérimée ya rubuta, aka fara buga shi a wata mujalla ta birnin Faris a shekarar 1845. Mai karatu zai iya tambaya, me ya kai ɗalibin Hausa ga littafin Bafaranshe, alhali ga namu nan jibge ba mu gama da su ba? Amsa ita ce, ma'aunin da malamanmu suka danƙa mana, wato jigo da zubi da salo da taurari, ba a ce a kan littattafan gida kaɗai zai yi aiki ba. Kuma littafin nan yana ɗauke da wata matsala wadda duk mai sha'awar rubutu ya kamata ya tsaya a kanta: yadda marubuci kan ɗauki wata al'umma da ba tasa ba, ya yi mata aski ba ta nan, har askin nan ya zama shi ne kamannin da duniya ta san ta da shi.

Al'ummar da ake magana a kanta ita ce wadda Ingilishi suke kira Jifsi, mutanen Sifaniya kuma suke cewa Gitano. Duka sunayen biyu daga kuskure suka samo asali, domin a lokacin da mutanen suka ɓulla a ƙasashen Turai ta yamma cikin ƙarni na 15, an ɗauka daga Masar suka fito. Nazarin harshensu ne ya tabbatar daga baya cewa tushensu yana arewacin Indiya, kuma harshen nasu ɗan'uwan Hindi ne. Sunan da akasarinsu suka amince da shi a yau shi ne Roma, wanda ba shi da wata dangantaka da birnin Rum. Kalmar rom a harshensu namiji take nufi, ko miji. Reshensu na Sifaniya kuwa suna kiran kansu Kale. A cikin wannan sharhi zan riƙa cewa Roma idan ina nufin mutanen na zahiri, in ce Bajifsiya ko Jifsawa idan ina nufin surar da marubuta suka ƙaga. Bambancin yana da amfani, kamar yadda za a gani.

Ga labarin a taƙaice. Wani masani Bafaranshe yana yawon binciken wani tsohon filin daga a ƙasar Andalus cikin 1830, sai ya gamu da wani ɗan fashi a bakin wata maɓuɓɓuga, suka sha taba tare, har ya taimake shi ya tsere wa jami'an tsaro. Daga baya a birnin Ƙurɗuba, garin nan da muka sani ta hanyar malaman tafsiri, ya haɗu da wata Bajifsiya mai suna Karmen, ta yi masa duba, agogonsa ya yi ƙafa. Bayan wasu watanni ya komo garin, ya tarar an kama ɗan fashin, an yanke masa hukuncin kisa. Ya ziyarce shi a kurkuku, shi kuwa ɗan fashin, Don José, wato Hose a furuci, ya kwashe tarihinsa ya gaya masa. Shi mutumin ƙabilar Bask ne daga arewacin Sifaniya, kofur a rundunar sojan doki, aka sa shi gadin masana'antar taba ta Ishbiliya inda mata ɗaruruwa suke aiki. Karmen ta yanki wata abokiyar aikinta a fuska, aka ba shi ita ya kai ta gidan kaso, ya bar ta ta gudu. Aka rage masa girma, aka ɗaure shi. Da ya fito ya kashe wani laftanan saboda kishinta, ya shiga ƙungiyar 'yan fasa-ƙwauri, ya kashe mijinta Garsiya mai ido ɗaya, daga ƙarshe da ta ce ta daina son sa, ya soke ta da wuƙa, ya binne ta a daji, ya miƙa kansa ga hukuma.

Wanda ya tsaya a kan wannan taƙaitawa zai ce jigon littafin shi ne sharrin mace, ko kuwa yadda soyayya take halaka mutumin kirki. Haka akasarin masu karatu suka ɗauke shi shekara da shekaru, kuma marubucin da kansa ya buɗe littafin da wani baitin Girkanci mai aibata mata baki ɗaya, kamar mai nuna wa baƙo hanyar da zai bi. Amma manazarci bai kamata ya bi hanya don kawai an nuna masa ita ba. Tambayar farko da ya kamata a yi wa kowane labari ita ce, daga bakin wa yake fitowa?

A nan ne zubin littafin yake da ban sha'awa ƙwarai. Labari ne cikin labari. Marubuci ya ƙagi masani, masani ya saurari Hose, Hose ne ya ba da labarin Karmen. Ke nan, in ban da 'yan shafukan nan na Ƙurɗuba inda masanin ya gan ta da idonsa, duk abin da muka sani game da ita, da maganganunta, da dariyarta, da ƙaryarta, da abin da aka ce tana ji a zuciya, daga bakin wanda ya kashe ta muka ji shi, kuma a jajiberin ranar da za a kashe shi, lokacin da babu abin da yake bukata kamar ya wanke kansa a gaban Allah da mutane. Da a gaban alƙali ne, ba za a yanke hukunci da irin wannan shaida ba: mai ƙara shi ne wanda ake tuhuma, shi ne kuma tafinta, ita kuwa ɗaya ɓangaren tana cikin rami. Su ma shafukan Ƙurɗuba ba su tsira ba, domin wanda ya rubuta su mutum ne da aka sace wa agogo, kuma tun daga haɗuwarsu ya fara auna idonta da haƙoranta da launin fatarta, yana cankar ko wace ƙabila ce, kamar mai taya goɗiya a kara.

To, bari mu ɗauki shaidar Hose mu auna ta da maganar bakinsa. Ya gabatar da kansa a matsayin ɗan asali, Kirista tun kaka da kakanni, wanda iyayensa suka so ya zama malamin coci. Me ya raba shi da garinsu? Shi da kansa ya faɗa: rigima ce ta tashi tsakaninsa da wani saurayi a kan wasan ƙwallon hannu na ƙabilarsu, suka ɗauki sanduna, abin da ya faru ya sa dole ya bar ƙasar. Wannan ya auku tun bai taɓa jin sunan Karmen ba. Ashe zuciyar nan da saurin hannun nan daga gida ya zo da su. Idan kuma aka ƙirga gawarwaki, laftanan da Garsiya da Karmen, duk hannunsa ne. Ita kuwa, ba mu ga ta kashe kowa da hannunta ba, duk da cewa ba za a wanke ta daga shirya tarkon da aka yi wa wasu fashi ba. Amma duk da haka, maganar ƙarshe da marubuci ya sa a bakin Hose ita ce ɗora laifin a kan mutanen Kale, wai su ne suka yi mata irin wannan tarbiyya. Laifi tudu ne. Mutum ya soki mace sau biyu da wuƙa, sa'an nan ya juya ya nuna wata ƙabila da yatsa, kuma masanin da yake sauraro bai ce uffan ba.

Wani zai ce ai wannan gwaninta ce, Mérimée ya bar mai karatu ne ya gano ƙaryar Hose da kansa. Na yarda akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin marubucin mutum ne mai son ba'a a ɓoye, kuma bai raga wa masanin nasa ba, ya nuna shi a matsayin mai ilmin littafi wanda yarinya ta yi wa wayo. Sai dai akwai hujjar da take sa ni shakka. A cikin wata wasiƙa da ya rubuta a 1845 ga wata basarakiya ta Sifaniya, matar mai sarautar Montijo, wadda ita ce ta ba shi asalin labarin shekara 15 kafin nan, Mérimée ya bayyana cewa labarin wani tantiri ne na birnin Malaga da ya kashe farkarsa, kuma shi ne ya mai da matar Bajifsiya saboda a lokacin yana nazarin Jifsawa. Wato matar da aka kashe a zahiri ba a ce 'yar Roma ba ce. Riga ce aka ɗinka aka sa mata don labarin ya ƙara armashi. Kuma akasarin zaren da aka ɗinka rigar da shi aro ne daga littafin wani Bature ɗan Ingila, George Borrow, wakilin ƙungiyar raba Littafi Mai Tsarki, wanda ya wallafa The Zincali a 1841.

Rigar ma ba sabuwa ba ce. Tun a 1613 Cervantes ya rubuta labarin wata 'yar Bajifsiya mai hankali da kamun kai, sai a ƙarshe aka gano ashe 'yar manya ce da aka sace tana jaririya. Victor Hugo ya maimaita dabarar a 1831 da Esmeralda: ita ma 'yar Faransawa ce da Jifsawa suka ɗauke. Ƙa'idar a fili take. Idan yarinya ta gari ce, to ba jininsu ba ce, sato ta suka yi. Idan kuwa jininsu ce, sai a yi ta mayaudariya, a kuma tanadar mata wuƙa. Kowace hanya aka bi, mutanen ne suke kwana a ciki.

Abin da littafin ya yi shiru a kansa ya fi abin da ya faɗa yawa. Mutanen Roma sun shiga Sifaniya a 1425 da takardar izini daga sarkin Aragon. A 1499 Sarki Fadinan da Sarauniya Isabela, waɗanda suka ci Garnaɗa shekara bakwai kafin nan, suka kafa doka cewa ko dai su zauna wuri ɗaya su kama sana'a a ƙarƙashin ubangida, ko a yi musu bulala ɗari, in sun sake a yanke kunne, in sun sake a bautar da su. A ƙarshen watan Yuli na 1749 gwamnati ta yi musu kamun kazar kuku a faɗin ƙasar, aka kama mutum wajen 9,000, aka raba maza da mata, aka tura mazan aikin dole a ma'aikatun jiragen ruwan yaƙi, matan da ƙananan yara aka tsare su daban, kuma manufar ita ce zuriyar ta ƙare. Waɗansunsu sai a 1765 suka ga gida. Abin takaicin shi ne, waɗanda suka bi doka suka zauna a gari su ne aka fi sauƙin kamawa, domin an san ƙofarsu. A 1783 aka sake wata doka da ta ba su izinin zama da sana'a, bisa sharaɗin su bar harshensu da tufafinsu, har da sunan nasu. Tsakanin kamun 1749 da shekarar da aka ce masanin ya haɗu da Karmen shekara 81 ce kacal. Kakarta za ta iya kasancewa cikin yaran da aka tsare. A can gabashin Turai kuwa, a ƙasashen Walakiya da Moldabiya, ana saye da sayar da mutanen Roma a matsayin bayi a daidai lokacin da Mérimée yake rubutu, ba a gama soke bautar ba sai 1855 da 1856.

Da wannan tarihi a hannu, sai a sake karanta faɗan masana'antar taba. Hose ya ba da shi a matsayin shaidar muguntar Karmen. Amma a cikin bayanin nasa akwai cewa ɗaya matar ta yi mata gorin ƙabila, ta kuma yi mata fatan ranar da hukuma za ta ɗora ta a kan jaki a zaga gari da ita, wato irin tozarcin da ake yi wa wanda za a yi wa bulala a bainar jama'a. Wannan ba zagi ba ne na fatar baki ga wadda danginta suka san zafin bulalar. Ban ce yankan fuska daidai ne ba. Abin da nake cewa shi ne, marubucin ya ga ƙarshen igiyar, ya ƙi jan ta. Haka nan ƙaryar Karmen, da iya harsunanta, da yadda take sauya suna da garin haihuwa gwargwadon wanda yake gabanta: littafin ya nuna su a matsayin hali na jini, alhali dabarun tsira ne na mutanen da doka ta mai da sunansu laifi. Ga kuma wani abu. A zamanin, yawancin mutanen Kale na Andalus mazauna gari ne, maƙera da dillalan dawaki da alfadarai da mahauta da masu saƙar kwanduna, irin na unguwar Triana ta Ishbiliya. Littafin ya ratsa ta unguwar, amma bai tsaya a maƙera ko ɗaya ba. Shagon soya kifi kawai ya gani, inda 'yan fasa-ƙwauri suke haɗuwa.

Duk da haka zalunci ne a ce littafin ba shi da daraja. Salonsa tsaf yake, ba ƙawa ba tsawaitawa, ana kashe mutum cikin layi biyu a wuce, kuma wannan sanyin jini na mai ba da labari shi ne yake sa tsikar jikin mai karatu ta tashi. Fiye da haka, tauraruwar ta fi ƙarfin wanda ya ƙage ta. Duk ƙoƙarin Hose na ɓata ta, ga abin da yake ɓullowa ta ƙarƙashin maganarsa: ita ce take aika masa da burodi a kurkuku, da magagari da kuɗi ɓoye a ciki, ita ce take jinyarsa sa'ad da aka ji masa rauni, ita ce take shiga gari ta nemo wa ƙungiyar labari da abinci. A ranar ƙarshe kuma, mace ɗin nan da aka ce ba ta buɗe baki sai da ƙarya, ƙarya ɗaya tak za ta yi ta tsira da ranta, ta ce har yanzu tana son sa, ta bi shi Amurka kamar yadda ya roƙa. Ta ƙi. Ta cire zoben da ya ba ta ta jefar. A nawa ganin wannan shi ne wuri mafi kyau a littafin, kuma shi ne wurin da shaidar Hose ta rushe gaba ɗaya. Sai dai ko a nan ma akwai abin lura. 'Yancin da aka liƙa wa Karmen, wanda masu karatu suke yabo, shi ma wani ɓangare ne na rigar. Mutumin birni mai albashi da mata ɗaya da agogo yana bukatar ya yi mafarkin wasu mutane da ba ruwansu da doka, don haka sai ya ƙaga su. Yabon da zagin daga tukunya ɗaya aka kwaso su, kuma babu wanda ya tambayi masu sunan.

Wurin da na fi samun matsala shi ne babi na huɗu, wanda babu shi a bugun mujalla, aka ƙara shi da za a fitar da labarin a littafi. A nan an gama da Karmen da Hose, sai marubuci ya sa hular malanta ya shiga bayanin Jifsawa baki ɗaya: launinsu, da gashinsu, da kallonsu wanda ya kwatanta da na naman daji, da ƙazanta, da rashin damuwa da addini, da 'yan yabo nan da can game da riƙon amana a tsakaninsu, sa'an nan 'yan kalmomi na harshensu. Ta fuskar zubi babin nan ƙari ne da ya yi wa labarin nauyi. Ta fuskar ma'ana kuwa ya fi haka muni, domin ya mai da ƙagaggiyar mace ɗaya ta zama samfurin al'umma, ya buga wa shaidar mai kisa hatimin ilmi. Mai karatun da ya yi shakkar Hose a babi na uku, a babi na huɗu sai a ce masa ga masani ya tabbatar. Kuma da me aka rufe babin? Da wani karin magana na Jifsawa mai nuna amfanin kame baki, a littafin da tun daga farkonsa ba a bar ko mutum ɗaya daga cikinsu ya yi magana da bakinsa ba.

Ba zan ɗora wa Mérimée alhakin abin da ya faru bayan mutuwarsa a 1870 ba. Amma wannan ɗabi'a ta auna mutane da rarraba su a takarda ba ta tsaya a adabi ba. A 1936 gwamnatin Nazi ta Jamus ta kafa wata cibiya ƙarƙashin wani likita, Robert Ritter, wadda aikinta shi ne auna kawunan mutanen Roma da Sinti da rubuta salsalarsu, kuma da waɗannan takardu aka yi amfani wajen kwashe su. A daren 2 ga Agusta 1944 aka kashe fiye da mutum 4,000 da suka rage a sashensu na sansanin Auschwitz. Ƙiyasin waɗanda aka halaka a Turai duka yana tsakanin 220,000 da 500,000, kuma sai a 1982 Jamus ta Yamma ta amsa cewa kisan ƙare dangi ne. A Sifaniya kanta, sai a 1978 aka cire sassan da suka umurci jandarmomi su sa wa Gitano ido na musamman daga littafin ƙa'idojinsu. Babban ƙamus na harshen Sifaniyanci, a bugunsa na 2014, ya kawo mayaudari a cikin ma'anonin kalmar gitano, har ƙungiyoyin mutanen suka yi zanga-zanga.

Ita kuwa Karmen sai ƙara haske take yi. Georges Bizet ya mai da labarin wasan kwaikwayo na waƙa a Faris cikin 1875, aka cire masanin, aka cire mijin, aka ƙaro wata salihar yarinya 'yar garin su Hose don baƙin Karmen ya ƙara fitowa. Daga nan aka yi ta juya shi: Amurka a fim ɗin Carmen Jones na 1954, Senegal a Karmen Geï na 2001, Afirka ta Kudu a U-Carmen eKhayelitsha na 2005 cikin harshen Xhosa, wanda ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Balin. A cikin ukun nan babu inda tauraruwar take 'yar Roma, kuma labarin bai rasa komai ba, abin da yake ƙara tabbatar da cewa tun asali ƙabilar ado ce kawai. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Wanda yake son jin ɗaya ɓangaren yana da inda zai nufa, ko da yake hanyar ba ta da faɗi. Matéo Maximoff, wanda aka haifa a Basalona a 1917 ya girma a Faransa, ya kuma sha tsare a sansanonin ƙasar lokacin yaƙi, ya fitar da ƙagaggen labarinsa Les Ursitory a 1946, daga baya ya rubuta wani a kan zamanin bautar mutanensa a Romaniya. A Poland akwai mawaƙiya Bronisława Wajs, wadda aka fi sani da Papusza, wadda ta koyi karatu da kanta tana yarinya, ta kuma yi waƙa a kan yadda danginta suka ɓuya a dazuzzuka lokacin Nazi. Wani marubuci ɗan Poland, Jerzy Ficowski, shi ya fassara waƙoƙinta, aka buga su a littafi a 1956. A lokacin gwamnatin ƙasar tana matsa wa masu yawo su zauna wuri ɗaya, sai mutanenta suka zarge ta da tona asirinsu ga bare, suka yanke hulɗa da ita. Ta yi jinyar taɓin hankali, ta shafe shekaru masu yawa kusan ba ta rubutu, ta rasu a 1987.